Alamar canjin jirgi: me za a zana wanda Inna za ta gane?

Mai Fenti Garwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Maganata da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Shekarata goma sha bakwai ina rubuta alluna a nan Garwa, na shaguna, na makarantu, na bayan motoci. Watan jiya Inna ta tafi Umra ita da ƙanwarta. Tikitinsu na canjin jirgi ne, za su sauka a wata ƙasa su jira awa uku, sannan su hau wani zuwa Jidda. Da suka fito daga jirgin farko sai hanya ta rabu biyu. A sama ga allo da hotuna biyu: ɗaya akwati, ɗaya wasu jirage ƙanana guda biyu da kibiya a tsakaninsu. Inna ta ce min, "Ɗana, ni akwati na gane. Kayana suna cikin jirgi, ina zan nufa in ba wajen akwati ba?" Suka bi akwati, suka bi taron jama'a, suka shiga layin masu buga fasfo. Sun kusa awa guda a tsaye kafin layi ya zo kansu. Jami'in ya duba ya ga ba su da bizar ƙasar, ya yi musu nuni da hannu cikin yaren da ba sa ji. Kafin su juya, su gano hanya, a sake binciken jakunkunansu, an rufe ƙofar jirgi. A kan kujerar ƙarfe suka kwana, ga Inna da ciwon gwiwa, ga sanyin na'ura, mayafinta kawai ta lulluɓa da shi.

Tun ranar nake son in zana ɗan kati kamar tafin hannu, in buga in raba wa tsofaffinmu kafin Umrar azumi. Banɗaki na zana, masallaci na zana, ruwan sha na zana. A kan canjin jirgi na tsaya cak. Me za a zana wanda mace irin Inna za ta kalla ta gane?

Maman Amira Kusiri: Wa alaikumus salam. Allah sarki Inna, Allah ya sa kaffara ce. Wallahi abin nan ya taɓa samuna a tafiyata ta farko ta sarin kaya. Mu nan gadar Ngeli kawai muke tsallakawa mu tashi daga Njamena, kuma kusan duk inda za mu sai an canza jirgi. Hoton akwatin nan jan mutum yake yi, domin hankalin matafiyi yana kan kayansa. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne kayan da kansu suke wucewa jirgi na biyu. 'Yar takardar da ake liƙa maka a bayan tikiti tana ɗauke da haruffa uku na garin da kayan za su sauka. In ka ga JED, Jidda ke nan. NDJ Njamena, GOU Garwa. Da an nuna wa Inna wannan tun daga gida da hankalinta ya kwanta.

Injiniya Ngaundere: Yaya Mai Fenti, ka sa yatsa daidai inda ke ciwo. Yawancin hotunan da muke gani a filayen jirgi asalinsu ɗaya ne. A 1974 ma'aikatar sufuri ta Amurka ta sa ƙungiyar masu zane ta AIGA ta tattaro alamomin da ake amfani da su a filayen jirgi da tashoshin jirgin ƙasa da wasannin Olamfik, aka tace su, Roger Cook da Don Shanosky suka zana guda 34. A 1979 aka ƙara 16 suka cika 50, aka bar su kyauta kowa ya ɗauka. Shi ya sa namiji da macen ƙofar banɗaki suke kama ɗaya ko'ina. A cikin hamsin ɗin nan akwai jirgi mai tashi, akwai mai sauka, akwai karɓar kaya, akwai kwastan. Babu canjin jirgi. Sai kowane fili ya ƙirƙiro nasa. Wani jirage biyu, wani jirgi ɗaya da lanƙwasasshiyar kibiya, wani rubutu zalla.

Dalilin wuyar shi ne akwati abu ne, ana ganinsa ana taɓa shi. Canjin jirgi kuwa hali ne da mutum yake ciki: ya sauka amma bai iso ba. Zana wannan da layi biyu uku ba ƙaramin aiki ba ne.

Baba Liman Yelwa: Ɗana Mai Fenti, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Amma ni ina ganin kun ɗora wa hoto nauyin da ba nasa ba. Matambayi ba ya ɓata. Kuma an umarce mu in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba. Laifinmu ne da muke sakin tsofaffi biyu su ratsa ƙasashe babu mai ja musu gaba. Lokacin aikin Hajji, da jirgi ke ɗaukar alhazai daga nan Garwa, wa ya taɓa ɓata a hanya? Tare ake tafiya, da jagora.

Mai Fenti Garwa: Gaskiya ne Baba, na karɓi wannan laifin. Kuɗin kujera ta uku ne ba mu da shi. Amma sun yi tambaya. Inna ta ce ta tare mutum huɗu masu kayan aiki, ta miƙa musu tikiti. Biyu suka nuna mata allon nan dai da ya ruɗa ta, suka wuce.

Baba Liman Yelwa: To wannan kam da ciwo. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Ɗan Filin Jirgi Njamena: Salamu alaikum. Ni aikina ke nan, shekara tara ina karɓar fasinja, bari in ɗan sa baki. Wurin da Inna ta ɓata shi ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar. Kuskure a wasu wuraren ana gyara shi da juyawa kawai. A wannan mararrabar kuwa, in ka bi hanyar fita, wani lokaci ƙofofin gaba kawai suke buɗewa, ba a komawa ta nan. Kuma mutum ya iso wurin a gajiye, bai yi barci ba, kunnuwansa sun toshe, mutum ɗari biyu na tura shi ta baya. Daƙiƙa biyu ko uku yake da su ya zaɓa. Duk wanda bai gane allo ba taro yake bi, taron kuma sau da yawa masu fita gari ne.

Amma Maman Amira, a yi hattara da cewa kaya kullum da kansu suke wucewa. Haka ne in tikitin ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Wasu masu yankan tikiti, don a samu sauƙin kuɗi, sukan haɗa wa mutum tikiti biyu daban. Wannan dole ya fita, ya ɗauki akwatinsa, ya sake aunawa, kuma yana iya buƙatar bizar ƙasar da ya yada zango. In aka ba shi kati mai cewa kada ka bi akwati, an jefa shi cikin wata matsalar.

Maman Amira Kusiri: Ka yi gaskiya ƙanena, na manta da wannan. Ya taɓa samun abokiyar tafiyata.

Abban Sadiq Marwa: Ni fa ina ganin magana ɗaya ce: a sa harsunanmu a alluna. A Kamaru Faransanci da Ingilishi, a Cadi Faransanci da Larabci. Ina Fulatanci, ina Hausa? Huɗubar Arfa ma ana fassara ta da Hausa, amma filin jirgin garinmu ba zai rubuta mana "mafita" ba?

Injiniya Ngaundere: Abban Sadiq, ina tare da kai a kan mutuncin harshe, amma ba a nan matsalar take ba. Wa ya taɓa ɓata a filin jirgin Garwa ko na Salak da ke Marwa? Daga ƙofa kana hango jirgin. Inda mutanenmu ke ɓata shi ne manyan filayen da ake canji, irin Adis Ababa, Istanbul, Alƙahira, Kasabalanka. A can masu harshe ɗari ne ke ratsawa kullum. In aka sa namu sai an sa na kowa, allo ya zama jarida. Kuma ko an rubuta da Hausar boko, Inna za ta karanta?

Mai Fenti Garwa: Ba ta karanta boko. Ajami take karantawa, da Alƙur'ani.

Abban Sadiq Marwa: To a sa ajami a katin naka. Ban janye maganata ba dai. Yaro da ya tashi yana ganin harshensa a allon hukuma daban yake da wanda bai taɓa gani ba.

Hajiya Babba Ngaundere: 'Ya'yana, ku bar ni in faɗi nawa. Sau uku ina zuwa ƙasa mai tsarki. Kuna cewa hoton banɗaki kowa ya gane shi. Ba kowa ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya tsaya gaban ƙofofi biyu ya ga ɗaya mutum ne da riga mai faɗi har gwiwa, ɗaya kuma kamar yaro ba riga. Ya ce mai rigar nan ai shi ne dattijo. Ya nufi can, sai da wata mata ta ɗaga masa hannu. Kunyar da ya ji ranar har muka dawo yana maganarta. A wajenmu namiji ne ke sa babbar riga da jallabiya. Wanda ya zana hoton nan mutanen garinsu ya duba. A wasu wurare a ƙasar Larabawa na ga sun zana kan namiji da ƙyallen da suke yafawa, kan mace da hijabi, wannan ko ba a gaya maka ba ka gane.

Sai kibiya. Kibiya ta nuna sama, ni na ɗauka hawa bene ake nufi. Na ja ƙafata na hau matakalar nan mai tafiya da kanta, ashe miƙewa gaba ake nufi.

Ɗan Filin Jirgi Njamena: Hajiya, wannan kibiyar har 'yan boko tana kayarwa. A yawancin ƙasashe kibiya mai kallon sama tana nufin miƙe gaba. A Faransa kuma sau da yawa mai kallon ƙasa ce ke nufin hakan. Wanda ya saba da ɗaya in ya ga ɗayar sai ya fara neman matakala. Masu lura sukan sa hoton matakala kusa da kibiyar in hawa ko sauka ake nufi, in babu hoton to a miƙe.

Malamin Lissafi Kusiri: Ku ƙara da lambobi. Na raka mahaifina asibiti a Alƙahira. Lambobin Larabawan gabas daban suke da waɗanda muka koya a lakwal. Biyar ɗinsu, ٥, kamar sifili take. Shida, ٦, kamar bakwai. Sifili kuma ɗigo ne kawai. A filin jirgi akan rubuta iri biyun, amma idona ya faɗa kan na Larabci na karanta ba daidai ba. Baba da bai taɓa zama a aji ba shi ya gyara min, domin da waɗannan lambobin yake neman shafi a Mus'hafinsa. Don haka Yaya Mai Fenti, kada ka zana katin kamar na wanda bai san komai ba. Tsofaffinmu suna da karatunsu. A gina a kan wanda suke da shi.

Mai Fenti Garwa: Malam, wannan magana ta shige ni. Na rubuta ta.

Injiniya Ngaundere: Akwai kuma launi, wanda ni a ganina ya fi hoto saurin isa ido. Filin jirgin Schiphol na Amstadam ya yi suna a kan haka. Tun 1967 Benno Wissing ya sa musu alluna ruwan ɗorawa, daga baya Paul Mijksenaar ya sake tsara su. Duk abin da ya shafi hawa da saukar jirgi yana kan ruwan ɗorawa, shaguna da wuraren cin abinci launinsu daban, kore kuma an bar wa hanyar tsira. Mai sauri ba sai ya karanta komai ba, ruwan ɗorawa kawai zai bi da ido. A Faris kuma, haruffan filin Charles de Gaulle, Adrian Frutiger ya zana su musamman don a iya karanta su daga nesa da kuma ta gefe, mutum yana tafiya. Kuma abin ya wuce rasa jirgi. A gobarar filin jirgin Düsseldorf na Jamus a 1996 mutum 17 suka mutu, bayanta aka sake tsarin allunan wurin gaba ɗaya. Koren mutumin nan mai gudu zuwa ƙofa, wanda ɗan Japan Yukio Ota ya zana, shi ma ya kamata ya shiga katinka, a gaya wa tsofaffi ƙofar gudun gobara ce, kada su bi ta don neman fita gari.

Maman Amira Kusiri: Kore ma da ruɗani. Mu nan in ka ga koren gicciye farmasi ne. A can farin gicciye a kan kore wurin taimakon gaggawa ne. Na taɓa zuwa sayen maganin ciwon kai na tarar da ɗakin jinya.

Direban Tuburo: Ni ban taɓa hawa jirgi ba, amma ina ɗaukar fasinja shekara ashirin. A tasha in mutum zai canza mota, yaron mota ne ke kama jakarsa ya kai shi bakin ɗayar. Me zai hana su ja layi mai launi a ƙasa tun daga bakin jirgi, a ce wa mutum bi wannan layin kada ka sake shi? Tsoho ƙasa yake kallo in yana tafiya, ba sama ba.

Ɗan Filin Jirgi Njamena: Direba, wallahi ka faɗi abin da masana ke faɗa. Akwai wuraren da ake yin haka, a asibitoci ma ana yi. Inda yake kasawa shi ne cikin cunkoso, ƙafafu sukan rufe layin. Shi ya sa ake so a haɗa biyun, sama da ƙasa, launi ɗaya. Yaron motar da ka ambata kuma akwai irinsa. In za a yanki tikitin tsoho ko mara lafiya, a ce a rubuta yana buƙatar keken turawa. Ma'aikaci zai tare shi a bakin jirgi ya kai shi har ƙofar na biyu. Mutanenmu da yawa suna jin nauyin nema, suna cewa ai ina iya takawa. Tafiyar cikin manyan filayen nan tana iya kai minti ashirin ko fiye ga mai lafiya ma.

Abu na ƙarshe, agogo. Lokacin da ke kan katin shiga jirgi na garin da kake ne. Adis Ababa, Istanbul da Jidda duk suna gabanmu da awa biyu. Agogon hannun Inna yana cewa ƙarfe takwas, alhali a can goma ta yi. Lambar ƙofa ma takan canza, sai an duba talabijin ɗin bango.

Mai Fenti Garwa: Jama'a na dawo, kwana biyu ina kan abin. Injiniya ya gaya min ta waya cewa hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, ISO, tana da ƙa'idar gwada alama, ISO 9186: a nuna wa mutane hoton ba tare da bayani ba, a tambaye su me suka fahimta. Sai na zana uku a kwali na fita da su babbar kasuwa da ƙofar masallaci bayan la'asar, ina neman masu furfura.

Na farko jirage biyu da kibiya, irin wanda Inna ta gani. Wata mai sayar da daddawa ta ce jirage ne za su yi karo. Wani dattijo ya ce wurin ajiye jirage ne. Na biyu jirgi ɗaya da kibiya mai zagaye. Kusan kowa ya ce jirgin ya fasa tafiya ya koma gida. Na uku na zana jirgi a dama, jirgi a hagu, a tsakiya mutum yana tafiya da 'yar jaka a hannu, bayansa ga ɗaya, fuskarsa ga ɗayan. Wani tsoho mai gyaran takalma ya karɓi kwalin, ya nisanta shi da idonsa, ya ɗora yatsa a kan mutumin ya ce, "Wannan ya sauka daga nan, zai hau wancan." Tsigar jikina ta tashi. Ba kowa ne ya gane ba, wata ta ce ma'aikaci ne, amma mafi yawa sun kama. Abin da hoton farko ya rasa shi ne mutum. Inna ta duba allo ba ta ga kanta a ciki ba.

Hajiya Babba Ngaundere: Masha Allah. Allah ya yi wa hannun nan albarka.

Injiniya Ngaundere: Yaya, hotonka ya fi nasu, ba na shakka. Amma dole in faɗi abin da zai ɓata maka rai. Hoton nan ba ya jikin bangon kowane filin jirgi. In Inna ta riƙe katinka ta ɗaga kai tana neman mutum tsakanin jirage biyu, ba za ta same shi ba, sai ta ƙara rikicewa. Katin dole ya ɗauki abin da ke bangon, ko da mummuna ne.

Abban Sadiq Marwa: Haba Injiniya. Mutum ya yi abu mai kyau ka ce ya koma ya kwafi wanda ya ɓatar da uwarsa?

Injiniya Ngaundere: Ban ce ya yar da shi ba. Nasa ya zauna a sama, shi zai gaya wa mai katin halin da yake ciki. A ƙarƙashinsa a sa abin da zai nema da ido: hoton jirage biyun, da kalmomin yadda suke a allo, Transfer, Connecting Flights, Correspondances, da ترانزيت. Ba sai ta karanta ba. Ta gwada siffar haruffan da na bango, kamar yadda ake gwada atamfa da atamfa a kasuwa.

Mai Fenti Garwa: Na kwana da maganar nan, kuma Injiniya ya fi ni gaskiya. Raina ya so hotona ya isa shi kaɗai, amma katin don Inna ake yi. Ga yadda na tsara. Gaba: hotona a sama da bayani da Hausa da Fulatanci cikin ajami da boko, a ƙasa hoton bango da kalmomin huɗu da manyan haruffa, baƙi a kan ruwan ɗorawa. Akwati na ja masa jan layi. Saboda gargaɗin ɗan'uwanmu na Njamena zan buga iri biyu, mai jan layi na masu tikiti ɗaya, shuɗi na masu tikiti biyu, kuma ba zan ba kowa ba sai an duba tikitinsa. Baya: jimla ɗaya da Faransanci da Ingilishi da Larabci, cewa ina canjin jirgi, don Allah a kai ni ƙofata, da gurbin rubuta lambar jirgi da lambar wayar gida. Lambobi daga sifili zuwa tara iri biyu a jere a ƙasa, da hoton agogo.

Hajiya Babba Ngaundere: Ɗana, ka sa masa leda mai tauri, ka huda shi a sa igiya a rataya a wuya. Abin da ke cikin jaka ba ya fitowa lokacin ruɗewa, hannu ɗaya na riƙe da fasfo, ɗaya da carbi da buta. Kuma haruffan su yi girma, yawancinmu tabarau yana can ƙasan jaka.

Baba Liman Yelwa: Kawo min ajamin in duba kafin ka buga. Zan sanar ranar Juma'a, masu niyyar tafiya su zo da tikitinsu. Amma ina nan a kan bakata, kowane ayari a naɗa masa jagora.

Malamin Lissafi Kusiri: Larabcin ni zan rubuta, in turo maka yau da dare. In ka buga ka sa mana hamsin a motar Marwa, daga can a miƙo Kusiri, Maman Amira za ta tsallaka da wasu Njamena.

Mai Fenti Garwa: Na gode ƙwarai. Na nuna wa Inna samfurin ɗazu, ta ce mutumin tsakiya ya yi siriri, in ƙara masa kauri, jakar kuma in mayar da ita hannun dama. Zan gyara gobe da safe. Abban Sadiq, Fulatancin yana wajenka, ina jira kafin Laraba domin Alhamis nake son kai wa mai bugawa.